Ƙafa Dubu Goma Sha Ɗaya

Jirgin ya fara gangarowa Sakkwato, hadarin damina ya haɗo ta gabas, lokacin da mai kula da zirga-zirgar jirage ya ce su sauko zuwa ƙafa dubu goma sha ɗaya su tsaya nan. Wasila Gazali, mataimakiyar matuƙi, ita ke riƙe da rediyo. Ta maimaita umarnin daidai.

Kyaftin Arzika Tambari, wanda tuƙi ke hannunsa, ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin tsawo. Lambar ta tsaya a dubu goma.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Wanda ya murɗa zai ɗora yatsa a kan lambar ya faɗe ta, ɗayan ya nuna ta shi ma ya amsa. Kyaftin Arzika yana yin haka da kowane mataimaki. Da Wasila kuwa sai ya faɗi abin da zai faɗa yana kallon gilashi, kamar da gajimare yake magana. Bai taɓa kiran sunanta ba. Ma'aikatan jirgi sun daɗe da yanke hukunci cewa tsohon ba ya son mace a wannan kujera, kuma sun ga yadda ita ma take neman musanya duk ranar da aka haɗa su aiki. Yau abokin musanyar ya kwanta zazzaɓi.

Ta ga lambar. Ta sunkuyar da kai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kamar sha ɗaya aka ce."

Ya shafa kunnensa na hagu, bai amsa ba.

An koya mata abin yi a irin wannan hali: ta faɗa da ƙarfi, ta sake faɗa, in bai ji ba ta karɓi tuƙin. Da wani ne a kujerar da tuni ta yi. Ta buɗe baki, ta rufe. Jirgin ya ratsa dubu goma sha ɗaya ya ci gaba da sauka, a daidai lokacin da wani jirgi da ya taso daga Sakkwato yake hawowa zuwa dubu goma.

Na'urar gargaɗi ta ɗauki ƙara tana umartar su hau. Kyaftin ya ɗaga hancin jirgin. Ta taga Wasila ta hango ɗaya jirgin ya gifta ƙarƙashinsu, kusa har tana ganin launin jelarsa. Fasinjoji ba su ji komai ba sai ɗan girgiza. Suka sauka lafiya, suka kashe injin.

Kafin rahoton abin da ya faru ya isa kamfani jirgin ya yi wasu tafiye-tafiye, sautin da aka naɗa a ɗakin matuƙa ya goge. Abin da ya rage shi ne lambar dubu goma a na'ura, da mutum biyu da suka san hannun da ya murɗa ta.

Wasila ta koma unguwar Runjin Sambo, gidan Goggo Delu da ta riƙe ta tun daga yaye. Sunan mijin Goggon, marigayi Malam Gazali, shi aka rubuta mata ranar da aka sa ta makaranta, shi ne kuma a kan lasisinta. Ba ta gaya wa tsohuwar komai ba. Ta riga ta yanke shawara: za ta ce ba ta lura da lambar ba. Laifin rashin lura ne, gargaɗi za a yi mata. Shi kuma Kyaftin, da ya kusa ajiye aiki babu tabo ko ɗaya, zai ce hannunsa ne ya kuskure, ita ba za ta ƙara masa da cewa an faɗa masa ya yi shiru ba. Kowa ya ɗauki rabin kayan.

Kwamitin bincike ya zauna a ofishin kamfanin da ke filin jirgi. Aka fara da ita, ta faɗi abin da ta shirya. Aka juya ga Kyaftin.

Ya gyara zaman hularsa a kan tebur. Ya ce idonsa na kan hadari a lokacin, don haka ya bar wa mataimakiyarsa maɓallin.

Shugaban kwamitin ya ce, "Kyaftin, muna so mu ji a fili. Wa ya sa dubu goma?"

"Wasila ce," in ji shi.

Ta ɗago kai ta dube shi. Shugaban ya tambaye ta ko tana da ja. Ta shafa kunnenta na hagu, sannan ta ce babu. Aka dakatar da ita daga tuƙi har sai abin da hali ya yi, aka cire sunanta daga masu jiran zama kyaftin.

Da la'asar ta sauka daga keke a ƙofar gida. Goggo Delu na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi fuskarta ta ajiye faifan.

"Ke, mi ya same ki? Sun kore ki?"

"Goggo, yau ya kama sunana."

"Wa? Arzika?" Tsohuwar ta yi dariya. "Bari wannan zance. Mutumin da ko kin gaishe shi bango yake amsa wa? Kunya ba ta barin shi."

Wasila ta zauna a bakin tabarma ta fara cire takalmi. Tun ranar da aka raɗa mata suna a Ƙofar Rini take jiran ta ji yadda zai fito daga bakin mahaifinta Arzika, mutumin da kunyar ɗiyar fari ta hana shi faɗinsa, kuma yau ta ji.