Sensei Yana Gona

Isogai ya sauka daga jirgin ƙasa a Kamisugi da takalmi mai sheƙi da umarni guda ɗaya. Shugaban jam'iyya ne ya aiko shi daga Tokyo ya duba Kuwabara. In ya gyaru a sake ba shi takara, in bai gyaru ba a nemi wani. In kuwa Isogai ya kawo rahoton banza, shi ma ya nemi wani aikin.

Kowa ya san Kuwabara Shigeomi. Zango huɗu ya yi a majalisar ƙasa da sunan manoman shinkafa, ba a taɓa jin muryarsa ba sai dai munsharinsa. Ranar da ake muhawara kan farashin shinkafa, talabijin ta nuno shi baki buɗe, kai a kafaɗar maƙwabci. Manoma duk suka kalla. Da zaɓe ya zo suka kayar da shi, suka dawo da abinsu gida.

Isogai ya fara da shagon taliya na bakin tasha, inda wani tsoho mai suna Gonda yake tsame taliya yana hira da abokansa.

"Baba, ina labarin Sensei?" Sensei, wato malam, haka ake kiran ɗan majalisa, ko da bai taɓa koya wa kowa komai ba.

Tsofaffin suka kalli juna. Gonda ya kalli takalmin baƙon.

"Sensei yana gona, ɗan birni. Kullum yana gona. Kafin zakara ya yi cara yana can, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya."

"Ya daina barcin?"

"Ko runtsawa ba ya yi."

"Alkawura fa?"

"Ko ɗaya bai yi mana ba bana," in ji wani mai haƙori biyu. "Kuma wallahi ba mu taɓa samun shinkafa kamar ta bana ba. Albarkacinsa ne."

Isogai ya tambaya ko mutumin yana da wani tunani a kansa yanzu. Gonda ya ce babu komai a kan nan sai shinkafa. Mai haƙori biyu ya ƙware da romo, sai da aka bubbuga masa baya.

Daga nan ya wuce gidan Kuwabara. Uwargida Fumie ta zuba masa shayi, ta ce a shekarun aurensu ba ta taɓa jin daɗin Sensei kamar bana ba. Ba ya shan giya, ba ya ƙorafin miya, ya rame ya miƙe kamar gora. Ana cikin haka wani munshari ya taso daga ɗakin ciki, har ƙofar takarda tana rawa.

"Rabu da shi," in ji ta. "Wani ne ya zo mana daga Tokyo, ya ƙi komawa. Ko za ku taimaka mana?"

Isogai ya yi dariyar ladabi. Kowane gida da irin baƙonsa.

Da yamma ta nuna masa gonar daga bakin titi. Can tsakiyar shinkafa ya hango Kuwabara, cikin baƙar kwat ɗin da aka san shi da ita, da farin ƙyallen takara a rataye daga kafaɗa zuwa ƙugu, sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Ga farar safar hannu, hannu a ɗage, kamar yadda 'yan takara ke tsayawa bakin hanya suna gaida masu wucewa. Sauran suna yin haka ne in zaɓe ya matso. Wannan kuwa, babu zaɓe babu kyamara, ga shi a cikin laka.

Isogai ya duƙa. Iska ta kaɗa, Sensei ya ɗan sunkuyo. Isogai ya ƙara duƙawa ƙasa, don ba a barin babba ya fi ka duƙawa. Ya so ya ƙarasa su gaisa, amma ya dubi lakar, ya dubi takalminsa, ya ce ba kyau a katse wa mutum aiki.

Nan take ya buga waya. Ya ce wa shugaba mutumin nan ya zama wani daban: tsayayye, marar surutu, ba ya gudun rana, manoma kamar su haɗiye shi don so. Shugaba ya ce madalla. Kafin gari ya waye jaridu sun buga cewa Kuwabara ya dawo takara.

Da safe Isogai ya ari takalmin roba wajen Gonda, don albishir irin wannan baki da baki ake yin sa. Tsofaffin shagon suka biyo shi a baya, wai rakiya. Ya kutsa cikin laka yana shirya kalmomin girmamawa. Sai ya tarar Fumie ta riga shi zuwa, tana ɓalle wa Sensei maɓallan kwat a gaban jama'a, Sensei kuma ko motsi.

"Yawwa ɗana, riƙe min shi," in ji ta. "Bari in kai wa na gidan kayansa, tunda kun samo masa wurin kwana a majalisa. Mu dai ku bar mana wannan, shi ne mai korar tsuntsaye."

Ta naɗe kwat da ƙyalle ta yi gaba, ta bar Isogai rungume da gora biyu da buhun bambaron shinkafa.