Bakwan da Malam Ya Goge

Ranar da na koma makaranta a Kafin Hausa, bayan sanƙarau ya ɗauke Hassanarmu, ni kaɗai ce a gefen bencin da mu tagwaye muke zama. Ana gab da tashi malamin lissafi ya rubuta wata lamba, tun daga wannan bakin allo har wancan.

Ya ce, "A ce mutane ne masu wannan yawan, suka jeru bibbiyu. Akwai wanda zai rage?"

Sai ya nuna bakwan da ke ƙarshe.

"Kada tsawonta ya tsorata ku, yara. Ƙarshen kawai ake dubawa. Ko miliyan nawa ne, tunda bakwai ce a nan, dole mutum ɗaya ya rasa wanda zai riƙe wa hannu."

Nan idonsa ya faɗo kaina. Ya juya da sauri, ya murje bakwan da babban yatsa, ya rubuta takwas.

Allon bai gogu sosai ba. Har yau, in na rufe ido, ina hango bakwan nan a ƙarƙashin takwas.