Daɓen Madafin Inna Gudiya

Waliyyu ya tsaya bakin ƙofar madafin yana kallon farin tayil an jera shi layi-layi a kan tsohon daɓe. Ko ɓarɓashi ba a fasa ba. Sati uku ke nan da fara aikin da aka ce masa na kwana bakwai ne.

Albasar bana ta yi masa kyau a kasuwar Aliero, shi ya sa ya tambayi mahaifiyarsa, Inna Gudiya, abin da take so. Ya zaci kujerar Makka za ta ce. Sai ta ce madafinta za a gyara: a sa kantar ajiye kaya, a jawo famfo, a fasa daɓen gaba ɗaya, a haƙa ramin makwarara a kusurwar gabas da ke lotsawa duk damina. Ta kuma ce kada a kira kowa sai Gado.

Gado tsohon magini ne, abokin mahaifin Waliyyu. Shi ya gina madafin nan shekara ashirin da tara da suka wuce, lokacin da Inna take gidan iyayenta a Maiyama tana wankan jegon Waliyyu. Da ta dawo Jega ta tarar da sabon gini, ba ta tarar da miji ba. Gado ne ya kawo mata labarin cewa ya gan shi ya hau motar albasa zuwa Kurmi, can kudu. Daga baya Gado ya nemi aurenta har sau biyu, ta ƙi. Duk da haka bai yanke zumunci ba, ko wace shekara yakan zo da siminti ya liƙe kusurwar, ba tare da an kira shi ba.

Saboda wannan ne Waliyyu ya yi ta danne zuciyarsa. Yau Gado ya ce yashi bai yi ba, gobe ya ce bayansa ke ciwo. Inna kuwa tana girki a tsakar gida ƙarƙashin kwanon rufi guda biyu, ruwan sama na kashe mata wuta. Sau uku Waliyyu yana nuna masa wurin ramin, sau uku Gado yana cewa to.

“Baba Gado, mi munka yi da kai a kan daɓen ga?”

Gado bai ɗago daga kwaɓin siminti ba. “Daɓen ga ya hi sabo ƙarhi. Ka bar shi, ɗana. Sai mu hito da bututun ruwan ta bango.”

“Inna ta ce a hwasa.”

“Innarka ba maginiya ba ce.”

Waliyyu ya waiwaya. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana tsince shinkafa, taɓarya jingine da ƙafarta. Idonta dai na kan Gado.

Waliyyu ya shiga ya ɗauki babbar guduma. Bugun farko tayil huɗu suka tarwatse. A na biyu tsohon simintin ya tsage, ƙarar ta fito kamar an daki ganga. Ya ɗaga zai yi na uku, ya ji wuta a gefen kansa.

Shebur ne. Gado ya maka masa shi da hannu biyu. Jini ya rufe masa idon hagu, ya faɗi a kan fasassun tayil, suka yayyanke masa tafin hannu. Kafin ya miƙe tsohon ya haye ƙirjinsa ya shaƙe shi. Waliyyu bai taɓa zaton akwai sauran irin wannan ƙarfi a jikin ɗan shekara sittin da ɗoriya ba. Numfashinsa ya fara ɗaukewa. Ya lalubi ƙotar guduma, ya kai wa Gado duka a haƙarƙari, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har hannayen suka saki. Na ƙarshe ya sauka a tsintsiyar hannu, ƙashi ya ce ƙas.

Gado bai tsaya jinya ba. Ya rungume hannun ya fita a guje, ya nufi zaure. Ƙofar gidan tana garƙame da kwaɗo, da rana tsaka. Yana juyowa Inna ta sakar masa taɓarya a gwiwa. Ya zube, ta sake ɗagawa ta sauke a ɗayar.

“Zauna nan, Gado,” in ji ta. “Aikinka bai ƙare ba.”

Maƙwabta sun fara dukan ƙofa suna tambayar lafiya. Inna ba ta kula su ba. Ta ɗauko diga ta miƙa wa ɗanta, ta nuna kusurwar gabas da haɓa.

Waliyyu ya share jini da hannun riga. Bai gane abin da ke faruwa ba, haushi ne kawai ke aiki da hannunsa. Simintin wurin ya fi faɗin tafin hannu kauri, liƙi a kan liƙi. Ƙarƙashinsa ƙasar sako-sako ce, baƙa, ba jar da aka yi sauran gidan da ita ba. Daga zaure Gado ya daina nishi, ya koma salati da ƙarfi.

Ramin ya kai gwiwa sa'ad da bakin digar ya zaƙulo wani abu dogo, ruwan ƙasa. Waliyyu ya sunkuya zai jefar da shi cikin ɓaraguzai. Inna ta riƙe masa hannu. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a bakin ramin, ta durƙusa.

“Ajiye digar, Waliyyu, ka yi da hannu a hankali,” ta ce. “Babanka ne. Bai taɓa tahiya Kurmi ba.”