Kwalbar da Aka Manta a Bakin Taga

Gwaggon maigidana ce ta ba ni wannan misali, ranar da ta tarar da ni ina tankaɗe da Saude goye a bayana, ƙafafunta na reto har kusan gwiwata. Saude ɗiyar yayata ce mai rasuwa. Tun da na ɗauko ta ban yarda ta taka ko zaure ba, don tausayi. Ga shi ta isa shiga makaranta, amma ba ta yi wa kowa magana sai ni, in ta ga baƙo kuwa sai kuka. Gwaggo ta daɗe tana aiki a ɗakin binciken tsirrai kafin ta ajiye aiki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dubi zoɓon da na jiƙa a kwano, ta ce, "'Yar nan, kin san daga ina jan nan yake zuwa?" Na girgiza kai.

Ta ce an yi wani mai binciken tsirrai da ya so ya samu jan zoɓo ba tare da gona ba. Masu yin alewa da lemo sun gaji da garin kalar da mutane ke tsoron ci, suna son launin da ya fito daga tsiro, rani da damina. Sai mutumin nan ya yanki ɗan mitsitsi daga jikin yakuwa, ya sa a kwalba mai tsabta, a kan wani abinci mai kama da kafaffen koko, da sukari da taki a ciki, ya toshe bakin. Ikon Allah, ɗan yankin nan ya rayu. Bai yi saiwa ba, bai yi ganye ba, sai dai ya dinga kumbura, curi a kan curi. In ya girma a raba shi, har kwalabe suka cika kanta. Mutumin ya ɗauki son duniya ya ɗora musu. Ya ajiye su a ɗaki mai duhu, ba zafi ba sanyi, kafin abincinsu ya ƙare ya sauya musu sabo. Suka yi ɓul-ɓul, fari tas kamar tuwon shinkafa. Ja kuwa ko ɗigo. Ya ƙara taki, suka ƙara ƙiba, farin dai na nan. Har shugabanninsa suka ce in kaka ta wuce ba a ga launi ba, a zubar da su a ba wani ɗakin.

Ana haka, wata rana masu gyaran kanta suka ɗauke kwalba ɗaya suka ajiye a bakin taga, bayan labule, aka manta da ita. Da ya gano ta, abincin ya kusa ƙarewa, curin ya ɗan tsuke. Har ya ɗaga zai jefar, sai ya ga gefen da ke kallon taga ya yi ja, gefen ɗaki kuwa fari. Abin ya ɗaure masa kai. Ya juya kwalbar ya bar ta nan, da aka kwana biyu ɗaya gefen ma ya soma rina. Sai ya tafi gona ya tsuguna gindin yakuwa yana ɗaga ganye. Inda rana ke dukan karan ya fi ja, inda ganye ya rufe ya fi kodewa. Nan ya gane ashe jan nan garkuwa ce, tsiron kan yi ta ne in haske ya matsa masa. To wanda bai taɓa ganin rana ba, me zai yi da garkuwa? Murna ta sa ya kwashi kwalabe da yawa ya jera a tsakar rana, kafin la'asar sun dahu sun yi baƙi, suka mutu. Da ragowar ya koyi awo. Ya rene su a inuwa har su yi ƙwari, sa'an nan ya rage taki, ya fitar da su haske daidai abin da za su iya ɗauka. Suka yi ja wur. Masu alewar da suka taɓa leƙa farin curi suka taɓe baki, su ne suka dawo suna sallama.

Nan Gwaggo ta kai aya. Na ci gaba da kaɗa rariya. Can na ce a hankali, "Gwaggo, in Saude ta faɗi fa?"

"Ta tashi mana. Ke ba ki taɓa faɗuwa ba? Kuma ni ban ce ki kai ta tsakar rana ba. Bakin taga na ce."

A ƙofar gida 'yan matan maƙwabta na wasan carafke, ana jin ƙarar duwatsunsu. Na kwance goyon. Saude ta tsaya riƙe da gefen zanina, ta saki, ta sake kamawa. Ta taka har bakin zaure ta waiwayo, ni kuwa na kafa ido a kan garin da nake tankaɗewa. Na ji wata yarinya ta ce, "Ke, yaya sunanki?" Shirun ya yi tsawo har na soma miƙewa, Gwaggo ta danne mini gwiwa. Sai ga wata 'yar siririyar murya ta ce, "Saude."

Gwaggo ta tace zoɓon nan a kofi, ta ɗaga shi tana duban jansa, ta kurɓa, ta ce, "Ai masu iya magana sun gama: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi."