Bene a Kan Buntu

Ranar da tifa ta fara juye yashi a filin, Aondona yana tsaye a tsallaken hanya ya dogara da sandarsa yana kallo. Wai bene za a yi. Bene, a nan!

Ya san abin da ke ƙarƙashin wurin, don da hannunsa ya haƙa shi. Zamanin da kamfanin jan bulo na bayan garin Lafia ke aiki, shi ne shugaban masu haƙar yumɓu. Tun yana saurayi yake shiga ramin da diga, har ramin ya yi zurfin da in mutum ya sauka sai dai a ji muryarsa. Kullum yakan gaya wa 'yarsa Mimidoo cewa rabin tsofaffin gine-ginen garin daga guminsa suka fito, har ta haddace labarin.

Da kamfanin ya mutu, aka kwashe injuna, aka raba wa ma'aikata filin. Wasu suka sami tudu, shi ya tashi da rami. Da damina ruwa da kwaɗi, da rani bola.

Sai Mimidoo ta sami makarantar koyon aikin jinya, shi kuwa ba ko sisi. Ya je wurin masu injin casar shinkafa, waɗanda dama neman inda za su zubar da buntu suke yi. Suka yi ta juye masa kyauta har ramin ya kusa cika. Ya sa aka rufe da jar ƙasa mai kaurin tsayin mutum, ciyawa ta fito, wuri ya yi sumul kamar filin ƙwallo. Ya sayar wa wani baƙo, bai ce masa uffan ba. Shi kuwa Aondona dattijon coci ne fa, mai tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi! Filin ya yi ta sauya hannu, shi kuma ya yi ta addu'a kada kowa ya gina.

To, ga shi ana ginawa.

Ya lallaɓa ya sami maginin, wani mai suna Baffa. "Malam Baffa, da kun ƙara zurfin tushen nan."

"Haba Baba, ƙasa ce mai ƙarfi, ka gani da idonka. Masu shi ba sa gari, ta waya muke magana, kuma kafin Kirsimeti suke so."

A ƙugu suka tsayar da haƙar. Da sun ninka haka da sun taɓa buntu. Aondona ya buɗe baki, ya tuna mutanen cocinsa, ya rufe.

Daga nan kullum yana wurin, sai ka ce shi aka ɗauka gadi. Ya ga an tsinto tsofaffin jan bulo daga kufan kamfanin an yi wa fuskar gidan ado da su. Ya ga an dasa lemo a tsakar gida. Ya ga an yi wa ƙofar shiga gangare maimakon matakala, ya ce a ransa, wayyo, har da tsoho a cikin waɗanda zan kashe.

Abinci ya daina shigarsa. In Mimidoo ta bugo daga asibitin da take aiki a Abuja, yana jin jikokinsa biyu suna ihu a bayanta, takan tambayi gwiwarsa, ko har yanzu hawa na ba shi wahala. Sau da yawa maganar takan zo masa har wuya. Amma da wane baki zai gaya mata da me aka biya karatunta?

Bayan ruwan ƙarshen damina, bangon kusurwar gabas ya tsage. Nan ne daidai inda ramin ya fi zurfi. Baffa ya cusa siminti, ya shafa fenti, shi ke nan. Da aka kawo kayan ɗaki, Aondona ya ga an shigar da gadaje ƙanana cikin ɗakin da ke wannan kusurwar. Ya koma gida ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro. Ya yi wa Allah alkawari, duk ranar da masu gidan suka zo zai faɗa musu komai, ko da za a ɗaure shi, ko da za a kore shi daga coci.

Ana saura kaɗan Kirsimeti Mimidoo ta iso da yaran. Ta ce ya sa rigarsa mai kyau, zai raka ta bikin buɗe gida. Da motar ta tsaya a gaban benen, ya tuna alkawarinsa, ya gode wa Allah da ya kawo shi har ƙofa. Yaran suka ɓalle da gudu suka shige ciki.

"Mimidoo, ina masu gidan? Dole in gan su yanzu, kafin kowa ya kwana a nan."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta durƙusa a gabansa ta damƙa masa makulli.

"Baba, duk abin da na tara a rayuwata na zuba a nan, a wurin da ka yi wa wahala. Ɗakinka a ƙasa yake saboda gwiwarka, yara kuma ga su can, sun riga sun haye gadajensu a ɗakin kusurwa."