Ƙwarya Ɗaya ta Baƙar Ƙasa

Tun da aka kafa dokar awon ƙasa, ba a sakar wa manomi ruwan rani sai ya kai ƙwarya ɗaya ta ƙasar gonarsa na'ura ta ɗanɗana. Malam Jatau ba ya buƙatar na'ura. Gonarsa ta yi fari fat, ruwa kan kwana bakwai a kanta bai nutse ba, in ta bushe kuma fartanya tsalle take yi. Ya lasa da harshensa, kanwa zalla, irin ƙasar da ba a sakar wa ruwa. Ga baki tara a gida suna jiran abinci.

A ƙofar ofishin awo, ƙanensa Ilu ya ja shi gefe ya buɗe buhu. Baƙar ƙasa ce mai laushi, har da ƙamshin damina.

"Yaya, kai musu wannan. Kowa haka yake yi."

"Ina ka samo ta? Garin nan duk ya zama kanwa."

Ilu ya sunkuyar da kai. "Maƙabarta kaɗai ba a taɓa yi wa ban-ruwa ba."

Can Jatau ya kai matarsa Delu bara. Ya daɗe yana kallon buhun, har aka kira sunansa daga ciki.

Ya miƙa wa ƙanensa ƙwaryarsa. "Zuba ta a hankali, Ilu."