Sarkin Benci

Tun daga ƙarar takalmin Darakta a kan matakala Koci ya san yau babu alheri. Mutumin nan ba ya saukowa ɗakin canza kayan 'yan wasa sai da magana, ga turarensa mai hawa kai da ke riga shi shigowa.

"Na sayar da Sarkin Benci," in ji Darakta. "Jibi zai tafi."

Koci ya laluba bayansa ya dafa bango.

Shi Sarkin Bencin nan tsohon ɗan baya ne da ƙafa ta fara gajiya. 'Yan kallo ne suka raɗa masa sunan, don tun bara bai taka fili ba. Kullum yana zaune a daman Koci, baki a kunnensa kamar mai kai gulma. In za a fita fili Koci ya dafa kafaɗarsa, in za a dawo ma haka. Har sauran 'yan wasa na tsokanarsu, wai ango da amarya.

"Ranka ya daɗe, ka sayar da mai ci mana ƙwallaye. Ka haɗa da gola in kana so. Wannan dai ka bar mini shi."

Darakta ya yi dariya. "Ka ba ni zakara ka riƙe gurguwar kaza? Me yake yi maka, tofi? Faɗa mini amfaninsa guda ɗaya, yanzu in fasa."

Koci ya buɗe baki. Sai ya tuna 'yan matansa da ke makaranta, da tsohuwarsa kwance a ƙuryar ɗaki, ga shi bawan Allah bai iya wata sana'a ba sai wannan. Ya haɗiye maganar.

"Yana da hankali," abin da ya iya cewa ke nan.

"Hankali ba ya cin kofi. To, mu rabu lafiya."

Koci na tsaye, hannaye a baya, da baƙin tabaransa da ba ya rabuwa da shi. Wani ya yi gyaran murya.

"Au," in ji Darakta, "hannun nawa ma ba za ka karɓa ba? A gaban yara?"

Koci ya miƙa nasa da sauri, amma ina, takalmi ya riga ya kama matakala. Daga can sama muryar ta sauko. "Ba jibi ba, yau zai tafi. Ranar Asabar kuma ni zan zauna a wurinsa, in ga koyarwar da ake mana girman kai a kanta."

Da Sarkin Benci ya zo sallama, sai ya riƙe hannun Koci ya ƙi saki. "Baba, ka faɗa masa gaskiya."

"In faɗa masa, mu ci me?"

Asabar ta zo, ranar wasa. Matar Koci ta ɗauke abin karyawa yadda ta ajiye shi. "Baban yara, ka ce musu zazzaɓi ne." Ya laluba ƙofa ya fita.

A hanyar shiga fili ya bi jikin bango a hankali, yana bin turaren Darakta har ya samu benci. Aka hura usur.

Can sai fili ya ɗauki ihu, irin wanda ba ka sanin na murna ne ko na masifa. Darakta ya damƙi hannunsa. "Ka gani ko? To, gwani, wa za ka cire?"

Koci ya karkata kunne dama, yadda ya saba, yana jiran raɗa. Babu mai raɗa masa. Tun bara da idanun Sarkin Benci yake kallon ƙwallo, nasa sun daɗe da mutuwa a bayan baƙin tabarau.